Tsohuwar motar dizal: Gyare-gyaren da ke rage shan mai da waɗanda ke cin kuɗi a banza

Man dizal, wanda direbobin Najeriya suka fi sani da gas, mutanen Nijar kuma ke kira gazuwal, ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, kuma kafin ƙarshen 2023 lita ɗaya ta haura naira dubu a Najeriya. Dizal ya daɗe ba shi da tallafin gwamnati, tun kafin a cire na fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, saboda haka duk motsin da kasuwar duniya ta yi yakan sauka kai tsaye a aljihun mai mota. Matatar Dangote ta fara fitar da dizal a farkon 2024, matatar SORAZ ta Damagaram kuma tana aiki tun 2011, amma hakan bai mayar da man mai araha ba.

Wannan ya sa masu tsofaffin motocin dizal ke yawan kai su gareji da buƙata guda, wato a yi musu dabarar da za ta rage shan mai. Wasu gyare-gyaren suna mayar da kuɗin da aka kashe cikin 'yan watanni, wasu sai bayan shekaru, wasu kuwa gyaran gangar Abzinawa ne, domin sukan bar motar cikin halin da ya fi na da muni.

Motocin da ake magana a kansu

Mercedes-Benz 260 D ta shekarar 1936 na cikin motocin shiga na farko da aka ƙera da injin dizal domin sayarwa. Amma motocin da har yanzu ke kan hanya a Afirka ta Yamma galibinsu na tsakanin shekarun 1970 ne zuwa ƙarshen 1990. Daga cikinsu akwai Mercedes-Benz samfurin W123, wanda aka ƙera kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, da magajinsa W124, da Peugeot 504 da 505 masu injin dizal, da Volkswagen Golf da Passat, sai kuma Toyota Hilux da Land Cruiser mai injin 1HZ na lita 4.2, wanda ya fito a 1990 kuma ya zama abin dogaro a hanyoyin rairayi na Sahel.

Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne famfon injekta na ƙarfe zalla, wanda ke auna mai ya tura shi ba tare da kwamfuta ba. Tsarin zamani, wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mai daga bututu guda mai tsananin matsi, ya shiga ƙananan motoci ne a 1997, a Alfa Romeo 156 da Mercedes-Benz C 220 CDI. Bambancin yana da muhimmanci, domin tsohon inji da sufana da ma'auni ake daidaita shi, sabo kuma da kwamfuta.

A hannun masu amfani da su, lafiyayyar Golf mai injin lita 1.6 kan sha kimanin lita 5 zuwa 6 a kilomita 100, Mercedes-Benz 240D kimanin 8 zuwa 10, Land Cruiser mai 1HZ kuma ta kan haura 11. Motar da ta zarce irin wannan adadi da nisa tana da lalura, kuma magance lalurar shi ne matakin farko.

Yadda injin dizal ke amfani da mai

Injin da Rudolf Diesel ya kammala a birnin Augsburg na Jamus a 1897 ba ya buƙatar fulogi mai tartsatsi. Fistin yana matse iska zalla har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 21 ko 22 na girmanta a irin waɗannan tsofaffin injuna, zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Wannan matsi mai tsanani, tare da cewa litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, shi ne asalin tattalin da aka san injin dizal da shi.

A galibin injunan dizal, totur ba ya rage iskar da ke shiga. Yawan man da ake fesawa kaɗai yake ƙarawa ko ragewa. Saboda haka abubuwa uku ne ke yanke hukunci kan ko man zai ƙone sarai ko zai fita ta salansa a matsayin hayaƙi: laushin feshin, lokacin da aka yi shi, da zafi da yawan iskar da ya tarar.

Akwai kuma bambanci tsakanin injuna iri biyu. Tsofaffin Mercedes-Benz da Peugeot da 1HZ suna fesa mai ne a wani ɗan zaure da ke saman silinda, daga nan wutar ta kutsa kan fistin. Wannan tsari yana rage ƙara, amma zafi mai yawa yakan salwanta a bangon zauren. Injunan da ke fesawa kai tsaye a kan fistin, irin TDI da ya fara fitowa a Audi 100 a 1989, sukan fi tattali da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Babu saitin da zai mayar da inji mai zaure ya yi daidai da su, kuma sanin wannan iyaka yana hana kashe kuɗi a kan abin da ba zai yiwu ba.

Awo kafin a taɓa sufana

Allurar gejin mai ba ma'auni ba ce, musamman a tsohuwar mota. Hanyar da ake dogaro da ita ita ce a cika tanki fal, a rubuta lambar kilomita, a yi zirga-zirgar da aka saba, sannan a koma famfon da aka sha da farko a sake cikawa. Sai a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka sau 100. Motar da ta sha lita 45 bayan kilomita 450 tana shan lita 10 ke nan a kilomita 100.

Awo ɗaya ba ya isa, domin cunkoso da kaya da iska da ingancin man kansa duk suna sauya sakamako. Akan ɗauki matsakaicin cikawa uku ko huɗu. Haka kuma gyara ɗaya ake yi a lokaci guda, a auna, kafin a shiga na gaba. Wanda ya sauya abu biyar a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba. Wajibi ne kuma a gwada mitar kilomita da taswirar wayar salula, domin tayar da ta fi ta asali faɗin zagaye da kashi 3 cikin 100 za ta sa mitar ta riƙa rage tafiyar da kashi 3, sai lissafin ya karkace.

Kafin komai akan duba yoyo. Ƙananan tiyo masu mayar da rarar mai daga nozul zuwa tanki sukan bushe su tsage, haka ma robobin famfon injekta da ƙasan tanki. Man da ke ɗiga a ƙasa ba ya bayyana a hayaƙi, amma yana bayyana a lissafi.

Mayar da inji hayyacinsa

Mafi yawan ribar da ake samu a tsohuwar mota tana zuwa ne daga mayar da ita yadda kamfani ya fitar da ita.

Nozul ne ke kan gaba. Lafiyayyen nozul yana buɗewa a wani ƙayyadadden matsi ya fesa mai kamar hazo, sannan ya rufe ruf. A injunan Mercedes-Benz OM616 da OM617 marasa turbo matsin buɗewar ba 115 ne, a masu turbo kuma ba 135. Idan sifirin ya saki ko bakin ya cinye, man yakan fita kamar fitsari ko ya riƙa ɗiga bayan rufewa, sai ya ƙi ƙonewa sosai. Masu gyaran injekta suna da famfon hannu mai geji da ke nuna matsin da siffar feshin cikin 'yan mintoci. Akan sauya bakin nozul duka a tare, a daidaita matsinsu ya zama ɗaya, a kuma sa sababbin wasa masu kare zafi. Jabun bakin nozul sun yi yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Na biyu shi ne lokacin feshi. A injin OM617 famfo yana fara tura mai ne digiri 24 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Yayin da sarƙar taimin ke miƙewa saboda tsufa, feshin yakan makara, wutar ta riƙa bin fistin a baya, zafin da ya kamata ya zama ƙarfi ya fice ta salansa. Mayar da lokacin daidai yana dawo da ƙarfi da tattali tare. Wuce da shi gaba fiye da ƙa'ida kuwa yana sa inji ƙwanƙwasa, yana wahalar da fistin da gaskit, yana kuma ƙara gurɓataccen hayaƙi.

A nan ne ake yawan yin kuskuren da ake kira rage mai. Sukurun da ake juyawa a jikin famfo yana ƙayyade iyakar man da inji zai samu ne idan an take totur har ƙasa. Idan wani ya taɓa buɗe shi har mota na tuƙa baƙin hayaƙi, mayar da shi daidai yana da amfani. Amma rufe shi ƙasa da ƙa'ida ba ya rage abin da mota ke sha a tafiya ta yau da kullum, domin ƙarfin da ake buƙata a tura ta a gudun kilomita 90 bai sauya ba. Abin da ke faruwa shi ne motar ta rasa ƙarfin hawa da na wuce wata, direba ya riƙa komawa ƙaramar giya.

Na uku bawul. Injuna irin OM615 da OM616 da OM617 da na Peugeot 504 suna buƙatar a riƙa saita tazarar bawul da hannu lokaci zuwa lokaci, saɓanin OM601 da OM602 da OM603 na W124 da ke daidaita kansu da bakin mai. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai, matsi ya zube, tashin safe ya yi wuya. Idan an saita bawul amma gwajin matsi ya nuna silinda ta yi rauni, to ringi ko silindar ce ta cinye, kuma babu wani saiti da zai maye gurbin sauke inji.

Na huɗu tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Al'ada ce da ta yaɗu a garejojin Afirka ta Yamma a cire shi da zarar mota ta iso, bisa zaton cewa na ƙasashen sanyi ne. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90. Idan babu tamostat yakan daɗe bai kai wannan zafi ba, musamman da asuba da lokacin hunturu, bakin mai ya kasance da kauri, ƙonewar mai ta ragu, silinda ta riƙa cinyewa da wuri. A wasu injuna ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa idan inji ya yi zafi, don haka cire shi kan sa wani ɓangare na ruwan ya daina bi ta lagireto. Maganin zafin inji shi ne wanke lagireto da gyara famfon ruwa da fanka. Haka nan fankar da aka ɗaure ta riƙa juyawa ba tsayawa tana cin ƙarfin inji ko da ba a buƙatarta.

Na biyar matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji tana toshe ta da wuri. Tsohon famfo bai san iska ta ragu ba, yakan ci gaba da tura man da ya saba, sai ƙarfi ya ragu, baƙin hayaƙi ya ƙaru. Cire matatar gaba ɗaya ko huda ta yana bai wa yashi hanyar shiga silinda, kuma ƙarshensa sauke inji ne.

Bakin mai ma yana da nasa rabo. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa amfani da kaurin da kamfani ya tsara yana inganta tattalin mai da kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Ga yawancin waɗannan injuna a ƙasa mai zafi, 15W-40 mai alamar dizal, irin CF ko CH-4 ko CI-4, shi ne aka saba. Mai kauri sosai da ake zubawa domin ɓoye hayaƙi yana ƙara nauyin juyawa, mai tsinkewa sosai na sababbin motoci kuma ba ya riƙe tsohon inji.

Launin hayaƙi yana taimakawa wajen gano inda matsalar take. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa. Fari mai warin ɗanyen gas yana nuna man bai kama ba, saboda makarar feshi ko raunin matsi. Shuɗi kuwa bakin mai ne ke ƙonewa.

Abin da ƙafafu ke ci

A gudun cikin gari, babban rabo na ƙarfin inji yana tafiya ne wajen murɗa tayoyi. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun nuna cewa duk raguwar iska da fam ɗaya a ma'aunin masu faci, a dukkan tayoyi, tana ƙara shan mai da kimanin kashi 0.2 cikin 100, kuma daidaita iskar kan iya dawo da har kashi 3. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. Lambar da ke gefen taya iyaka ce da ba a so a wuce. Cika iska fiye da kima yana rage kamun birki, yana cinye tsakiyar taya, kuma a kan kwalta mai zafi da ramuka haɗari ne.

Faffaɗan taya da manyan rim na ado suna ƙara nauyi da gogayya. Taya mai manyan haƙora ta shiga laka da rairayi tana shan mai a kan kwalta fiye da ta hanya. Idan alaimen ya karkace, tayoyin gaba sukan riƙa jan juna, alamarsa kuma cinyewar gefe ɗaya.

Birki mai kamawa ɓarawo ne da ba a cika lura da shi ba. Bayan tafiya ta 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, ƙafar da ta fi sauran zafi tana da matsala, ko ta birki ko ta boris. A motoci masu jan ƙafa huɗu da ke da makulli a cibiyar ƙafafun gaba, barinsa a kulle a kan kwalta yana sa aksul na gaba ya riƙa juyawa a banza.

Iska da nauyi

Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Daga kilomita 100 zuwa 120 a awa, gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, amma turjiyar ta ƙaru da kashi 44. Tsofaffin motoci masu faffaɗan goshi sun fi jin wannan. Ma'aunin turjiyar W123 ya kai kimanin 0.42, yayin da na W124 ya sauko zuwa kimanin 0.30.

Abin da mai mota zai iya yi a nan cirewa ne fiye da ƙarawa. Akwatin kaya a saman mota yana ƙara shan mai da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a gari, da kashi 6 zuwa 17 a babbar hanya, bisa ƙiyasin ma'aikatar da aka ambata. Kariyar da babu kaya a kanta ma tana kama iska, haka ƙarfen gaba da jerin fitilun ado. Faifan da kamfani ke sawa a ƙarƙashin inji, wanda kanikawa kan cire su jefar, yana daidaita iskar da ke bi ta ƙasa, yana kuma kare inji daga ƙura.

Game da nauyi, kowane ƙarin kilo 45 yana cin kusan kashi 1 cikin 100, kuma ya fi tasiri a ƙaramar mota da cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi. Kwashe tarkacen but kyauta ne. Cire safaya ko jak ko ƙarfen da ke kare fasinja domin rage nauyi kuwa garin neman gira ne a rasa ido.

Manyan sauye-sauye

Sauya giya shi ne gyaran da ya fi amfani ga mai yawan doguwar tafiya. Motoci da yawa na wancan zamani giya huɗu gare su, kuma a gudun kilomita 100 injin yana juyawa fiye da inda ya fi tattali. Giyabos mai biyar na irin motar yana rage juyin da kusan kashi ɗaya cikin biyar a giyar ƙarshe, ba tare da ya taɓa ƙarfin tashi ba. Komawa daga tsohon giyabos mai sarrafa kansa zuwa na hannu ma yana rage sha, domin na wancan lokaci yana zubar da wani ƙarfi a cikin mai, sai dai aikin ya haɗa da kuloci da feda da sandar juyawa.

Hanya ta biyu ita ce sauya haƙoran aksul na baya. A W123, samfurin 240D yana da 3.69, 300D yana da 3.46, mai turbo kuma 3.07. Sa 3.46 a 240D yana rage juyin inji da kimanin kashi 6 cikin 100, sa 3.07 kuma da kusan kashi 17. Amma wannan ragi yana shafar dukkan giyoyi har da ta ɗaya. Injin 240D ƙarfin doki 72 kawai gare shi; idan aka ɗora masa 3.07 ga fasinja ga kaya, zai riƙa nishi a hawa, kuloci ya wahala, ribar ta tafi. Bayan irin wannan aiki mitar gudu da ta kilomita sukan daina faɗin gaskiya sai an gyara su.

Ƙara turbo a injin da bai zo da shi ba yana ƙara ƙarfi sosai, tattalin mai kuwa kaɗan ne, kuma yakan ɓace idan direba ya fara jin daɗin sabon ƙarfin. Lokacin da Mercedes-Benz ya sa turbo a OM617, sai da ya ƙara bututun da ke fesa bakin mai a ƙarƙashin fistin domin sanyaya shi, ya kuma ƙarfafa bawul da ƙaramshaf. Injin da ba shi da waɗannan yana iya tsaga fistin ko kan silinda idan zafin hayaƙi ya daɗe sama da digiri 700. Duk wanda zai yi wannan aiki yana buƙatar gejin zafin hayaƙi da matsakaicin saiti.

Sauya inji ɗungurungum zuwa mai feshi kai tsaye, kamar 1.9 TDI a tsohuwar Golf ko Passat, shi ne ke ba da ragi mafi girma, shi ne kuma mafi tsada. Ya fi dacewa idan tsohon injin ya riga ya mutu, kuma wajibi ne a sabunta lambar inji a takardun mota.

Abubuwan da ba sa aiki

Kasuwa cike take da maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, da ƙwayoyin jefawa a tanki, da fankar juya iska, da tulun da ke raba ruwa ya fitar da iskar haidirojin. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100 cikin shekaru, ba ta kuma sami wadda ta kawo gagarumin ragi ba. Wasu ma sun ƙara gurɓata hayaƙi. Na haidirojin yana da matsala tun daga tushe: wutar da ke raba ruwan daga altaneta take fitowa, altaneta kuma inji ne ke juya shi da mai, kuma abin da ake samu bai kai abin da aka kashe ba.

A motocin ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama akan toshe bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ko a fasa matatar toka ta salansa. Ribar mai a nan ƙarama ce, illar kuma tana kan masu shaƙa. A watan Yunin 2012 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Wanke bawul ɗin da bututun iska daga dattin da ya taru shi ne gyaran da ya dace.

Sauya man kansa

A bikin baje koli na Paris a 1900 an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa, kuma tsofaffin injuna masu zaure suna iya ƙona man girki. Sai dai kaurinsa ya ninka na dizal kusan sau goma, don haka yana buƙatar tanki na biyu da na'urar ɗumama shi da tacewa sosai. In ba haka ba yakan daskare a nozul da ringi. Man da aka sarrafa daga tsirrai, wato bayodizal, ƙarfin litarsa bai kai na dizal ba da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin 100, kuma yana cin tsofaffin robobi. Waɗannan hanyoyi ba sa rage yawan litar da mota ke sha. Amfaninsu ya tsaya ga inda man ya fi dizal araha.

Gauraya kananzir yana rage santsin da famfon injekta ke dogaro da shi, musamman famfo mai juyawa irin na Golf da Hilux wanda man da ke bi ta cikinsa ne kaɗai ke shafe shi. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka yakan zo da ruwa da datti. Matata mai raba ruwa da mai, wadda ake sawa kafin famfo, tana cikin ƙananan gyare-gyaren da ke tsawaita ran nozul. Mayar da injin dizal ya yi aiki da iskar gas ta CNG ya fi na fetur wuya da tsada, domin iskar ba ta kamawa da matsi kaɗai, sai an bar ɗan dizal yana kunna ta ko an sake fasalin injin.

Rabon direba

Tuƙin gaggawa, wato fizga da taka birki a kai a kai, yana ƙara shan mai da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cunkoso, bisa alƙaluman Amurka. Babu gyaran ƙarfe da ya kai wannan. Tsohon injin dizal ya fi tattali a matsakaicin juyi, galibi tsakanin 1,800 da 2,500 a minti, don haka shiga babbar giya da wuri yana da amfani muddin injin ba ya kakkarwa. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi da 80 a sauran manyan hanyoyi, kuma wannan tazara ce mafi dacewa da waɗannan motoci.

Sakin mota a furi a gangara ba dabara ba ce. Idan tana cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, famfo yakan yanke mai kusan gaba ɗaya, inji kuma ya taimaka wa birki. Kashe inji a gangara ya fi haɗari, domin birki da sitiyari suna rasa taimakonsu. Ɗumama mota na minti goma sha biyar da safe ma asara ce, domin injin dizal ba ya saurin zafi a sulo. Minti ɗaya ya isa, sannan a tashi a hankali. Na'urar sanyaya mota tana da nata kaso, wanda ya fi yawa a gajeriyar tafiya cikin tsananin zafi.

Lissafin riba

Kafin a biya kuɗin kowane aiki akan yi lissafi mai sauƙi. A ƙaddara mota tana shan lita 10 a kilomita 100, tana kuma yin kilomita 20,000 a shekara. Lita 2,000 ke nan. Gyaran da ya rage kashi 10 cikin 100 ya tsimin lita 200, wanda a farashin naira 1,000 ya kama naira 200,000 a shekara. Aikin naira 100,000 zai mayar da kuɗinsa cikin wata shida, na naira miliyan ɗaya kuma sai bayan shekara biyar, idan bodin motar ya kai lokacin. Motar haya da ke yin ninki uku na wannan tafiya za ta mayar da kuɗin cikin sulusin lokacin, abin da ya sa sauya giyabos kan dace da ɗan kabu-kabu amma bai dace da mai zuwa ofis da kasuwa ba.

Kaso-kason ba sa haɗuwa kai tsaye. Ragi biyu na kashi 10 kowanne suna ba da kashi 19 ne, domin na biyun yana aiki a kan abin da na farko ya bari. Tsarin da ya fi tsimin kuɗi shi ne a fara da abin da ba ya buƙatar ko sisi, wato iskar taya da sauke kariya da kwashe kaya da rage gudu. A bi da toshe yoyo da sakin birki da alaimen da mayar da tamostat. Sannan nozul da bawul da lokacin feshi. Giyabos da aksul da sabon inji su ne na ƙarshe, kuma sai littafin awo ya nuna cewa tafiyar da motar ke yi za ta biya su.